Ƙanƙara, jakar jel, feshi ko bokitin ruwa: wanne za ka tanada domin targaɗe da kumburi?

Idan yaro ya gurɗe ƙafa a filin ƙwallo, ko magidanci ya faɗi a babur gwiwarsa ta bugu, abin da aka saba yi a gidajenmu shi ne a ɗora ruwa a wuta a gasa wurin, a murza man zafi, in ya ƙi a kira mai ɗori ya ja. A kwana biyu zuwa uku na farko wannan ƙara ɓata lamarin yake yi. Ƙananan jijiyoyin jini sun riga sun fashe a ciki, jini da ruwa suna tsattsafowa cikin nama, zafi da murza kuwa ƙara buɗe musu hanya suke yi. Shi ya sa ƙafar da aka gasa da daddare take wayar gari ta yi suntum. Sanyi ake so a wannan lokaci. Shawarar hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ita ce a ɗora sanyi na tsawon da bai wuce minti 20 ba, duk bayan awa biyu zuwa uku, a kuma guji gashi da tausa a kwanakin farko.

Sai dai yanzu sanyin ya kasu gida-gida. Akwai ƙanƙarar da kowa ya sani, akwai jakar jel da ake ajiyewa a firiza, akwai jakar da ake matsawa ta yi sanyi nan take, ga feshin gwangwani da muke gani a wasannin Turai, ga man shafawa mai sanyi, ga bokitin ruwa, har da na'urar da ake ɗaura wa gwiwa bayan tiyata. Mai son ya tanadi abu ɗaya a gida, ko kocin ƙungiyar unguwa, ko malamin wasanni a makaranta, dole ya rasa wanda zai ɗauka.

Kafin a zo batun kuɗi, ya kamata a san abin da ake saye. A 1978 wani likitan wasanni na Amurka, Gabe Mirkin, ya fito da tsarin da duniya ta sani da RICE: hutu, ƙanƙara, ɗauri da bandeji, da ɗaga gaɓar sama. A 2014 shi da kansa ya dawo ya ce yawan sa ƙanƙara na iya jinkirta warkewa, domin kumburin farko yana cikin hanyar da jiki yake gyara kansa. A 2019 wasu masana gashin ƙashi biyu, Blaise Dubois da Jean-François Esculier, suka fitar da sabon tsari wanda ba su sa ƙanƙara a ciki ba sam. Abin da ya tsaya da ƙafarsa bayan duk wannan muhawara shi ne sanyi yana kashe raɗaɗi, kuma yana yin haka ba tare da an haɗiyi ƙwaya ba. Ba ya ɗinke jijiyar da ta yage. To abin da aikinsa rage zogi ne na kwana biyu ko uku, ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya zuba masa kuɗin da ya fi ƙarfinsa ba.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko, yawan sanyin da yake shiga nama, da tsawon lokacin da yake ɗauka. Jin sanyi a fata daban, sanyaya abin da ke ƙarƙashinta daban. Sai fata ta sauko wajen digiri 10 zuwa 15 sannan jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo suke yin sanyin jiki har mutum ya ji sauƙi. Na biyu, kuɗi, na sayen farko da na maimaici, tunda a kwana biyu za a sa sanyi sau goma ko fiye. Na uku, ƙarko. Na huɗu, sauƙin amfani, kuma a wajenmu wannan kusan tambaya ɗaya ce: yana buƙatar wutar lantarki ko ba ya buƙata? Sai kuma ko yana kwanciya a jikin gaɓa mai lungu irin idon sawu. Na biyar, haɗari.

Ƙanƙara a leda da jiƙaƙƙen tawul

An ce araha ba ta ado, amma a wannan fanni mafi arahar ita ce ta fi aiki, kuma dalilin yana cikin narkewarta. Zafin da ƙanƙara take zuƙa kafin ta koma ruwa ya kai wanda zai ɗaga ruwa mai nauyinta daga digiri 0 zuwa kusan 80. Duk tsawon lokacin da take narkewa tana nan daram a digiri 0, ba ta ɗumama ba, ba ta kuma sauka ƙasa da haka ba. Wato tana jan zafi mai yawa daga nama, a matakin da bai cika ƙona fata ba. Babu wani abu a wannan jeri da ya haɗa waɗannan biyun kamar ta.

Kuɗinta bai wuce na fiya wata biyu ko uku da suka daskare ba, kuma ko gidanku babu firji, da wuya a rasa mai sayar da ƙanƙara a unguwa. Amma kada a ɗora ƙullin fiya wata yadda yake, dunƙulalle. Wuri ɗaya kawai zai taɓa, ya danne ƙashi, sauran kumburin bai samu komai ba. A naɗe shi a tsumma a farfasa da taɓarya, a juye a leda mai kauri, a zuba ruwa kaɗan, a matse iskar a ƙulle. Sai a shimfiɗa siririn tawul da aka jiƙa aka matse, a ɗora ledar a kai, a zagaye da bandeji ba da ƙarfi ba. Jiƙaƙƙen tawul yana kare fata kuma yana barin sanyi ya wuce. Busasshe mai kauri tare sanyin yake yi, mutum ya yi zaman minti ashirin a banza. Idan ƙanƙarar yanzu ta fito daga firiza, tana da fari-fari tana kama yatsa, a ɗauraye ta tukuna, domin a lokacin sanyinta ya yi ƙasa da digiri 0 sosai.

Tsawon lokacin ya danganta da kaurin naman wurin. Yatsa da wuyan hannu minti 10 ya ishe su, idon sawu da gwiwa 15, cinya mai tsoka 20. Wani bincike da Chris Bleakley da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 a kan masu targaɗen idon sawu ya nuna waɗanda aka sa wa minti 10, aka cire na minti 10, aka mayar na wasu 10, sun fi samun sauƙin ciwo a makon farko a kan waɗanda aka bar wa minti 20 a jere. Wannan salon ne na fi so, musamman ga yara, domin yana ba da damar duba fata a tsakani. Mutum zai fara jin sanyi, sai zafi-zafi, sai tsami, sannan wurin ya mutu. Da ya mutu an gama, a cire.

Aibinta sananne ne. Tana jiƙa shimfiɗa, ba ta ajiyuwa, kuma a tsakiyar bazara lokacin da wuta ta yi ƙaranci takan yi tsada ko ta yi wuyar samu. Kula mai kyau da aka lulluɓe da buhu tana riƙe ta yini guda.

Jakar jel ta firiza

Leda ce mai kauri cike da ruwa mai yauƙi, galibi shuɗi, wanda ba ya daskarewa ya yi tauri. Ana samunta a manyan kemis da shagunan kayan asibiti. Sau ɗaya ake saye, in ba a huda ta ba takan yi shekaru, ba ta ɗiga, tana lanƙwasuwa ta bi gwiwa ko kafaɗa, wasu ma da maɗaurinsu suke zuwa. Yawancinsu ana iya ɗumama su a ruwan zafi a yi gashi bayan kwanakin kumburi sun wuce, amfani biyu ke nan.

Matsalarta biyu ce, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Firiza mai aiki sosai tana kai wa digiri 18 ƙasa da sifili, jakar kuma da wannan sanyin take fitowa. Idan ta taɓa fata kai tsaye tana iya ƙona ta har ta yi bororo, kuma mutum ba zai ji ba saboda wurin ya mutu. Bayan wannan ƙarfin na farko kuma saurin ɗumama take yi, tunda ba ta da ajiyar sanyi irin ta ƙanƙara mai narkewa. Don haka dole a sa mata riga ko tawul, kada kuma a kwanta a kanta.

Ta biyun ita ce wuta. Jakar tana son awa biyu ko fiye a firiza kafin ta koma aiki, ciwo kuma ba ya jiran a kawo wuta. Gidan da ba sola ba janareto, ranar da ake nemanta za a tarar da ita ɗumi. Wanda zai saya ya sayi biyu, ɗaya na jiki ɗaya na firiza. Ana iya haɗa irinta a gida da ruwa kashi uku da sipirit na kemis kashi ɗaya a leda biyu masu zif, sai dai a rubuta a jiki a kuma ɓoye ta daga yara, kada su zaci abin sha ne. Ita ma ta kanti idan ta fashe a yar da ita.

Jakar nan-take

Wannan ba ruwanta da firji. A cikinta akwai ƙaramar jakar ruwa da garin sinadari, amoniyam naitiret ko yuriya, irin wanda manomi ya sani a takin zamani. Idan aka matsa, jakar ruwan ta fashe, garin ya narke, narkewar ce take zuƙe zafi. Cikin daƙiƙoƙi ta yi sanyi. Sanyin bai kai na ƙanƙara ba, kuma bayan minti 15 zuwa 20 ya tafi, sai shara. Idan da ita za a yi jinyar kwana biyu, kuɗin zai ninka na jakar jel sau da yawa. Amfaninta na zagayen farko ne, a inda babu komai: gona, hanyar tafiya, filin wasan ƙauye. Tana da ranar lalacewa, nauyi a cikin jaka na iya fasa ta tun ba a shirya ba, kuma idan ta yoyo ruwan yana cin fata da ido, a wanke da ruwa mai yawa.

Feshin sanyi

Shi ne wanda matasa suka fi sha'awa, saboda suna ganin ɗan wasa ya faɗi yana birgima, an fesa masa, ya miƙe ya ci gaba. Ruwan da ke cikin gwangwanin, etil kulorayid ko iskar gas irin butan, yana bin iska da sauri ya sanyaya saman fata. Iyakarsa ke nan. Ba ya kai wa nama balle jijiyar da ta yage, kuma sauƙin na ɗan mintuna ne. Ga bugun ƙwauri da takalmi ya yi, wanda zafinsa na fata ne, yana da amfani. Ga targaɗe kuwa ina ganin cutarwarsa ta fi yawa, domin yana rufe ciwon daidai lokacin da ya kamata yaro ya ji shi ya fita daga fili. 'Yan wasan da ake gani a talabijin likita ya riga ya taɓa gaɓar kafin ya fesa, a filin unguwa babu wannan likitan. Gwangwanin ba shi da araha, yana ƙarewa da wuri, yana kama wuta, ba a barinsa a mota cikin rana. Idan aka kusanto da shi ko aka daɗe ana fesa wuri ɗaya yana ƙona fata. Ba a fesa shi a buɗaɗɗen rauni ko kusa da ido.

Man shafawa mai sanyi

Irin su Deep Freeze da Biofreeze. Sinadarin mentol da ke ciki yana taɓa jijiyoyin fata masu jin sanyi, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wurin ya yi sanyi alhali naman yana nan da ɗuminsa. Yana rage tsamin jiki bayan aiki ko motsa jiki, yana ajiyuwa, ba ya son wuta. Bai maye gurbin ƙanƙara a sabon kumburi ba, kuma shafa shi kan kai mutum ga murzar da aka hana. Kada a sa a fatar da ta ƙuje, kada a ɗaure da ƙarfi a kansa.

Bokitin ruwan sanyi

Ga yatsun ƙafa, tafin hannu da idon sawu, babu abin da yake shiga kowane lungu kamar ruwa. A zuba ruwa a bokiti, a jefa ƙanƙara kaɗan har ya kai sanyin da hannu zai iya jurewa, wajen digiri 10 zuwa 15, a tsoma na minti 10 zuwa 15. Wannan hanyar ƙanƙara kaɗan take ci, kuma fata ba ta ƙonewa a wannan matakin. Illarsa ita ce ƙafar tana rataye ƙasa, alhali ana so ta kasance sama da ƙirji domin ruwan kumburi ya koma. Da an fito a goge, a naɗe da bandeji, a kwanta a ɗora ƙafar kan matasai. In akwai yanka ko ƙujewa, ba a tsomawa.

Inda babu ƙanƙara kwata-kwata, ruwan randa ko na tulu bai kai sanyin da ake so ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba. A jiƙa tsumma a ɗora, ana fifita, ana sauyawa da zarar ya ɗumama. Da hunturu, ruwan da ya kwana a waje ya kusa wadatarwa.

Na'urar zagaya ruwan sanyi

Riga ce da ake ɗaura wa gwiwa ko kafaɗa, ruwan ƙanƙara na shiga cikinta ta tiyo daga kula. Mai sauƙin, kamar Cryo/Cuff, ɗaga kular ake yi ruwan ya gangaro, a sauke ta ya koma, ba ta buƙatar wuta. Mai tsadar, kamar Game Ready, tana da famfo da ke zagaya ruwan tana kuma matsa gaɓar tana saki, farashinta dubban daloli ne. An yi su ne domin wanda aka yi wa tiyatar gwiwa ko kafaɗa da manyan ƙungiyoyin wasa. Duk tsadarsu sai an zuba musu ƙanƙara. Haɗarinsu daɗin amfaninsu ne: ba sa jiƙa mutum, sai ya bar su awanni, wani har ya yi barci, fata ta lalace a ƙarƙashin bandeji.

| Hanya | Shigar sanyi | Kuɗi | Ƙarko | Wuta | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙanƙara da tawul | Sosai | Mafi araha | Tana narkewa | A'a, in akwai mai sayarwa | Wuce lokaci |
| Jakar jel | Da kyau, na ɗan lokaci | Matsakaici, sau ɗaya | Shekaru | Dole | Ƙonewar fata |
| Jakar nan-take | Matsakaici | Tsada in an maimaita | Sau ɗaya | A'a | Yoyon sinadari |
| Feshi | Fata kawai | Tsada | Yana ƙarewa | A'a | Rufe ciwo, gobara |
| Mai mai mentol | Ji kawai | Matsakaici | Watanni | A'a | Murza sabon rauni |
| Bokiti | Sosai a ƙananan gaɓoɓi | Araha | Kullum sabo | A'a | Rataye ƙafa |
| Na'ura | Sosai, da matsi | Mafi tsada | Shekaru | Wasu | Daɗewa a jiki |

Waɗanda sanyi bai dace da su ba

Wannan ya fi duk jadawalin da ke sama muhimmanci. Mai cutar sikila ba a sa masa ƙanƙara, ko wace iri ce. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ƙwayoyin jininsa masu lanƙwasa su maƙale, ciwon ya tashi. A Najeriya, inda ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta duk shekara, babu makaranta ko ƙungiyar ƙwallon da za ta ce wannan bai shafe ta ba. Malami ko koci ya tambaya kafin ya ɗora, kuma ya san 'yan wasansa tun kafin ranar ta zo.

Haka mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, da wanda kuturta ko shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa ji, da mai matsalar gudun jini a ƙafa, da wanda fatarsa kan yi rudu-rudu in sanyi ya taɓa ta. Jariri da tsohon da ba zai iya cewa a cire ba, sai da ido a kansu kuma na ɗan lokaci kaɗan. Akwai kuma wurare biyu da jijiya take kwance dab da fata: gefen waje na gwiwa, ƙasa kaɗan da mahaɗar, da bayan gwiwar hannu ta ciki. Daɗewar ƙanƙara a na farkon kan sa ƙafa ta riƙa faɗuwa ba ta ɗaguwa. Ƙuna ma ba a sa mata ƙanƙara, ruwa mai sanyi-sanyi ake kwarara mata na minti 20. Saran maciji kuwa asibiti kawai.

Sannan akwai raunin da ya wuce sanyi. Likitoci a Ottawa ta Kanada sun fitar da ƙa'ida a 1992 wadda har yau ake bi: idan mai targaɗen idon sawu ya kasa taku huɗu, ko ƙashin kansa ne yake ciwo in an danna bayan ƙwallon idon sawun ko gefen tafin ƙafa, hoton ƙashi yake buƙata. Haka idan gaɓar ta karkace, ko yatsu sun yi sanyi sun canza launi, ko sun mutu. A ɗora sanyin a hanya, amma a nufi asibiti, irin na ƙashi na Dala a Kano ko mafi kusa da yake da na'urar hoto, kafin kowa ya ja ƙafar.

Wa ya dace da wanne

Gidan da ke cikin gari, wuta ba tabbas: kada ku sayi komai sai bandeji mai talewa guda biyu da leda mai kauri, ku san gidan mai ƙanƙara mafi kusa. Gidan da ke da sola ko firizar da ba ta mutuwa, musamman in akwai mai gwiwar da takan kumbura lokaci-lokaci: jakar jel biyu masu riga, tare da fiya wata biyu a firiza domin sabon rauni.

Koci da malamin wasanni: kula cike da ƙanƙara ranar wasa, ledoji, tawul da bandeji. Kuɗin gwangwanin feshi ɗaya zai sayi ƙanƙarar wasanni da yawa. A ajiye jakar nan-take biyu domin wasan waje. Direban doguwar hanya, mai aikin gona nesa da gari, da makarantar ƙauye: jakar nan-take a akwatin taimakon gaggawa domin minti ashirin na farko, sai ruwan randa da tsumma su ɗora daga nan. Wanda ya buge yatsa ko ya gurɗe idon sawu ba tare da yanka ba, bokiti ya fi masa, muddin zai ɗaga ƙafar bayan ya fito. Mai tsamin jiki bayan aiki, ko wanda raunin ya kwana uku kumburin ya tsaya, man mentol ya ishe shi, kuma a lokacin ne gashi da motsa gaɓar a hankali suke da amfani.

Wanda za a yi wa tiyatar gwiwa ya tambayi likitansa ko likitan gashin ƙashi ko akwai na'urar da zai yi amfani da ita a asibiti, maimakon ya saya domin makonni kaɗan, kuma su rubuta masa mintunan da zai riƙa sawa. Gidan da ke da mai sikila kuwa su bar sanyi gaba ɗaya a kansa: ya huta, a ɗaga gaɓar, a naɗe ta sako-sako, ya sha ruwa sosai da farasitamol, in ciwon ya fara yaɗuwa ko zazzaɓi ya shigo a kai shi asibitin da yake zuwa a ranar.